Bidiyon ilimi ya yi magana da Hausa: wasiƙa daga Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan tsaga mini fili a shafin wasiƙu. Kwanakin nan duk inda mutum ya zauna, a fada ko a bakin masallaci, zancen ɗaya ne: salula ta lalata yara, ba karatu sai kallo. Iyaye na da gaskiyarsu, ban zo musu ba. Sai dai ni daga bayan kanta nake ganin abin, don sana'ata ke nan. Ina da shagon cajin waya da turi kusa da kasuwar Dole. Mutum ya miƙo wayarsa ko katin memwar, in zuba masa abin kallo ko na saurare daga kwamfuta, ya ba ni dala biyar ko dala goma. Abin da ke cikin wayoyin mutanen unguwa, da na ƙauye masu shigowa ranar Alhamis, da yawansa ta hannun irinmu ya bi.

Abin da ake nema ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa shi ne kan gaba, sai na Kano, sai wa'azi da karatun Alƙur'ani, sai kokowa in an gama gasar takobi, sai ƙwallo da waƙa. A gefe guda ina da wani dosiye a kwamfutar da na sa wa suna Ilimi. Na yi lakwal har tarminal, ajin ƙarshe na lise, ɓangaren kimiyya. Hali ne bai bari na ci gaba ba, amma son abin yana nan. In dare ya yi, rezo ya zauna, forfe na intanet ya yi saura, nakan sauko da bidiyon da ke bayanin wani abu: yadda zuciya ke harba jini, yadda hadari ke haɗuwa, yadda farantin sola ke ba da kuran, wato wutar lantarki, rayuwar zuma da ta gara, tarihin rubutu, lissafin kusurwa. Wannan dosiyen ba na karɓar ko dala a kansa. In mutum ya sayi fim sai in ce, in ƙara maka ɗaya daga cikin waɗannan kyauta? A kan amsar da nake samu nake son yin magana.

Masu ɗauka da kansu su ne ɗaliban da ke shirin BEPC na ƙarshen kwaleji da bak na ƙarshen lise, su ma sai jarrabawa ta matso. Darussan Khan Academy suka fi so, waɗanda Salman Khan ya fara sakawa a YouTube a 2006. Ba Salman Khan na fim ba, don an sha tambayata. Wannan Ba'amurke ne da iyayensa suka fito daga Bangaladash da Indiya. Daga baya wata ƙungiyar Faransa, Bibliothèques Sans Frontières, ta mayar da darussan lissafin Faransanci, shi ya sa yaranmu ke iya cin moriyarsu. Amfaninsu a fili yake. Yaro zai tsayar, ya koma baya, ya sake ji son ransa, ba wanda zai yi masa dariya a ajin da ya cika maƙil. Amma waɗannan ƴan ƙalilan ne. Sauran mutane, da na kunna musu suka ji Faransanci ko Turanci na zuba ba ƙaƙƙautawa, sai su ce bar shi, kar ka cika mini memwar.

Wani zai ce ai mutanenmu ne ba sa son ilimi. Wanda ya faɗi haka bai zauna a shagona ranar kasuwa ba. Akwai wasu ƴan ƙananan bidiyoyi da ke magana da Hausa, irin na zane mai motsi da SAWBO ke yi, ƙungiyar da aka kafa a wata jami'ar Amurka a 2011, da irin na Access Agriculture inda manomi ke nuna wa manomi ɗan'uwansa. Wanda ya fi tafiya a wurina shi ne na ajiyar wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A zuba wake busasshe, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. Wani dattijo daga wajen Mirriya ya kalla a tsaye, ya yi shiru, sannan ya ce, ashe ƙwaro ma numfashi yake. Nan take ya gane dalilin da ya sa nasa buhun bai yi masa aiki ba bara: ɓera ya huda ledar, shi kuwa ya ɗauka ƙaramin rami ba komai ba ne tunda wake ba ya zuba. Wanda ya sayar masa da buhun ya ce masa ɗaure da kyau, amma bai gaya masa don me ba. Darasin numfashi ke nan da ake wahalar cusa wa yara a aji, ya shiga kan mutumin da bai taɓa riƙe alli ba cikin minti uku. Kuma irin wannan bidiyo ba ya tsayawa a wayar da na zuba wa. Ta Xender da Bluetooth yake bi daga hannu zuwa hannu, har wata rana wani mutumin Magarya ya zo ya nuna mini shi yana tambaya ko ina da irinsa.

Ba ni da irinsa da yawa, nan ne matsalar take. In ka tara duk abin da ke dosiyen nawa, mai Hausa bai taka kara ya karya ba, shi ma kusan duka noma ne da kiwon lafiya. Taurari, jikin ɗan Adam, lantarki, tarihi, yadda haraji ke aiki, duk da harshen wasu suke. Ƴata ta fari tana sankiyam, aji na biyu na kwaleji, ba ta cikin na baya a ajinsu, amma in na kunna mata bidiyon kimiyya na Faransanci sai in gan ta kamar wanda ya tsaya a ƙofar gidan biki: tana jin kiɗa, tana hango mutane, ba ta shiga ba. Bafaranshen ba don ita yake magana ba, don yaron da ya sha Faransanci a nono yake yi. Ga kuma misalan. Dusar ƙanƙara, jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, yanayi huɗu na Turai. Yarinyar za ta iya gaya maka dalilin da ganye ke zuba a Faransa cikin watan Oktoba, amma da na tambaye ta me ya sa gawon gonar kakanta ke kakkaɓe nasa da damina, sai ta ce ba a yi musu wannan ba.

To, masu iya gyara rabin wannan suna nan da rai, ni ma da aikinsu nake cin abinci. Ina nufin masu fassara fim ɗin Indiya, waɗanda galibinsu a Kano suke. A raina sana'arsu in an ga dama, amma mutum ɗaya ko biyu su ɗauki muryar kowa, su sa tsohuwar da ba ta san kalma ɗaya ta Indiyanci ba ta bi labarin awa uku har ta yi hawaye, wannan gwaninta ce. Sun san inda za su ja magana, sun san inda za su yanke, sun san Hausar da ke shiga kunne. Me zai hana irin wannan baki ya hau kan bidiyon yadda ƙoda ke tace jini? Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba. Mai fassara in ya zo inda bai gane ba yakan cike da barkwanci. A fim ɗin soyayya ba wanda zai mutu, amma a zancen magani ko wayar kuran za a iya yin gawa. Saboda haka dole mushe, wato malamin lakwal, ya zauna kusa da shi, wanda ya karanci abin, ya ce wannan haka ne, wannan ba haka ba. Batun haƙƙin mallaka ma ba duka ne ke da wuya ba. Darussan Khan Academy an yarda a yi amfani da su muddin ba sayarwa za a yi ba, hotunan NASA kuwa, hukumar sararin samaniya ta Amurka, galibinsu an bar wa kowa.

Rabi na ce, don fassara kaɗai ba za ta amsa tambayar gawo ba. Wannan sai mun ɗauki na'ura mun shiga gona da kanmu.

Malam Edita, ka bar ni in daɗe a kan gawo, don ban san darasin da ya fi shi daɗi a ƙasar nan ba. Itace ne da ke yin akasin sauran. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye, ya tsaya tsirara duk damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar ya ruɓe a daidai lokacin da shuka ke neman abinci. A saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu kamo sinadarin azot daga iska, shi ne kuwa ƙarfin takin zamanin da muke saye da tsada. Saiwar tana nutsawa can ƙasa inda ruwa yake, shi ya sa da rani, sa'ad da komai ya bushe, shi yake kore shar. Dabbobi su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa, su bar taki a gindinsa. Duk manomin Matamai ya san hatsin gindin gawo daban yake, zangarniyarsa ta fi cika. Tsofaffi na cewa zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, sare gawo laifi ne mai tsananin hukunci. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonaki sun yi fayau, sai aka koma barin toho a kututture, a zaɓi mai ƙarfi a yi masa aski a bar shi ya tashi, abin da muke kira sassaben zamani. Wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka tayar da shi a Maraɗi tun 1983. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma Mirriya da Magarya da Matamai su ake nunawa in ana misali. Turawa sun zo sun ɗauki wannan labari, sun yi shi da kyau, ina da wasu a kwamfuta. Abin da ke ci mini rai shi ne, manomin da ke cikin hoton da Hausa yake bayani, kana fara jin ya ce to ka ga wannan, sai a danne muryarsa a ɗora ta Bature a kai. Ɗansa in ya kalla ba zai ji abin da ubansa ya ce ba.

Sai ruwa. Babu ɗan Damagaram da bai san jarka da kura da jiran famfo cikin dare ba. Amma a cikin yaran da ke tura kurar, nawa ne aka taɓa nuna wa dalili? Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ne manyan duwatsun da ke leƙowa a tsohuwar unguwar Birni. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa, sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga. Ƙasa mai yashi ita ke ajiye ruwa a tsakanin ƙwayoyinta, shi ya sa sai an tafi nesa, Gogo da Machaya, Arunguza, Ganaram, a haƙo a turo ta bututu. Ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai bakin kogi a 1926. Ka ga ilimin ƙasa da tarihi da zaman jama'a a tambaya ɗaya. Kayan aikin bidiyon kuwa kwano biyu ne, ɗaya a cika shi da yashi, ɗaya a sa masa dunƙulen dutse, a zuba ruwa, a bar yaro ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

A farkon Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Hoton faɗuwarsa ya shiga kowace waya kafin magariba, ba a ma bi ta kanmu masu turi ba. Mun yi salati, mun yi jimami. Abin da na so in gani bayan nan shi ne a zaunar da tsofaffin magina a gaban na'ura su yi bayani: yadda ake kwaɓa ƙasar tubali, abin da makuba ke yi wa bango, yadda ake jera azara, me ya sa indararo in ya toshe soro ke jiƙewa, me ya sa ginin ƙasa ya fi mutuwa ta ƙafa, inda ruwa ke kwanciya ya ci gindin bango. Sannan injiniya ya zo ya ƙara nasa. Waɗannan dattawa ba rubutawa suke ba, kuma kowace shekara ana raguwa.

Sauran ba sai na ja ba. Majema da bagaruwarsu, abin da ke cikin kwafson da ke hana fata ruɓewa. Kanwa, da dalilin da take sa wake saurin nuna. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, wadda ɗanyen man Agadem ke iso mata ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460: kowa na ganin tankoki na wucewa, kaɗan ne suka san dafa man ake yi, tururinsa ya hau doguwar hasumiya, gas ya fita ta sama, esans a ƙasa da shi, gazuwal a ƙasa da wannan. Akwai ma abin da ni kaina a bakin Bature na fara jin sa, wato Gadufawa, can cikin Tenere a jihar Agadas, inda ake tono ƙasusuwan dinozor masu shekara fiye da miliyan 100. Ɗaya har sunan ƙasarmu aka sa masa a 1999, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500. Wasu ƙasusuwan suna gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Yaranmu sun san dinozor sarai, a fim ɗin Amurka, sun ɗauka dabbar can ce.

Kar a ce abin da nake nema baƙo ne a Nijar. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, mutanen gari su taru su ji shiri da harshensu su tattauna. A 1964 ƙasar nan ta fara koyar da ƴan firamare ta talabijin, tana cikin na farko a Afirka, har aka riƙa kunna wasu akwatunan da hasken rana a inda babu kuran. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana shekaru da yawa, kuma tun a shekarun 1960 yake rubuta cewa yaron Afirka da harshensa ya kamata ya fara karatu. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a nan Damagaram aka buɗe ta, a 1973. Waccan talabijin ta lakwal da Faransanci take, tana kuma buƙatar ɗakin shiri da ƙwararru daga waje da kuɗi masu yawa, shi ya sa ba ta game ƙasa ba. Yau akwatin yana aljihun kowa, wayar da ke kallo ita ke ɗauka. A Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Na yi murna, amma a dosiyena har yanzu ban ga alama ba.

Abin da ya sa nake ganin gaggawa ne kuwa, maƙaryata sun riga mu. Nasu bidiyon tuni yake magana da Hausa. Ka duba abin da ke yawo a WhatsApp da TikTok: a naɗa waya a jikin mayen ƙarfe, a jona ƙwan lantarki, ya kama, wai kuran kyauta har abada. Wani yaron gareji da ke caji a wurina ya tara kuɗinsa ya sayi kayan, ya kwana yana naɗi, ƙwai bai ko ƙyafta ba, ya zo yana cewa shi ne bai iya ba. Na ce masa ba laifinka ba ne, batir aka ɓoye a ƙarƙashin tebur. Mayen ƙarfe ba ya haifar da kuran sai ana juya shi, juyawar kuma sai da mai, ko iska, ko ruwa, ko ƙarfin hannu. Abin da ka samu ba ya wuce abin da ka zuba. Wannan yaro mai kai ne, da ya samu bidiyon gaskiya a kan yadda dinamo ke aiki, da kuɗin nan ya haɗa abin da zai kunna. Na magunguna sun fi muni, ga kuma na yanzu da kwamfuta ke ƙirƙira, a sa fuskar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ni dai ba na zuba irinsu ko an biya, amma hana turi ba ya hana su yawo. Don haka nake ganin duk bidiyon ilimin da za mu yi, a ga fuskar malamin da ya duba shi, a ji sunansa da inda yake koyarwa, yadda in ya yi kuskure za a san wanda za a tare a hanya.

Kada malaman lakwal su ɗauka kujerarsu nake nema wa magaji. Kallo yana da yaudara. Yaro zai gama bidiyo ya ce na gane, ka ba shi alli ya tsaya yana kallon allo. Hoto mai kyau yana sa mutum ya ji kamar ya sani. Ni a ganina kowane bidiyo ya ƙare da aiki: je ka auna inuwar sanda da hantsi da azahar da la'asar, je ka ƙirga gawon gonarku, kawo amsa gobe. Wanda zai karɓi amsar kuwa mushe ne ko madam.

Ga kuma abin da na koya a bakin kanta, ga duk wanda zai yi. Kada ya wuce minti uku zuwa biyar. A matse shi ya zama ƴan mega kaɗan, don bidiyo mai nauyin mega 100 a ƙauye ya mutu tun bai tashi ba. Ya buɗe a ƙaramar waya mai madannai, don ita ce a hannun mafi yawan mutanen karkara, kuma sau da yawa ita ce ke kwana a cikin gida inda mata da ƴanmata za su samu su kalla. Murya ta fito sarai, a rage kiɗa. Kada a dogara da rubutu a ƙasan hoto, da yawa ba sa karanta boko. A kuma faɗa da baki a farko cewa an yarda kowa ya tura wa kowa. Ma'aikata muna da su. Ɗaliban jami'ar André Salifou suna nan, ga malaman kimiyya na kwaleji da lise, ga masu murya a gidajen rediyon gari, ga masu ɗaukar bidiyon biki da na'urorinsu ke kwance daga Litinin zuwa Alhamis. Kowa na zaune a rumfarsa ne kawai, ba a haɗa su ba.

In ana neman inda za a fara, ga shawarata, har da ranarta. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tune da husufin rana na 29 ga Maris 2006, da inuwar wata ta ratsa ƙasarmu, gari ya yi duhu da hantsi. Wasu sun yi salla, wasu sun ruɗe, wasu yara sun ɗaga kai sun kalli rana da ido tsirara. Masana taurari sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin nan. Wani na tafe ranar Litinin 2 ga Agusta 2027. Cikakken duhun zai bi ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, inda zai wuce minti 6 a wajen Luksor, ya haye ta Jidda da Makka. Mu a nan wani ɓangare na rana za mu ga ya rufe, in hadari bai tare ba. Bidiyo ɗaya ake bukata kafin ranar. Limami ya fara, ya kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya koya wa mutane sallar. Malamin kimiyya ya biyo da fitila da ƙwallo da lemo ya nuna yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana. Likitan ido ya rufe da gargaɗi, cewa baƙin gilashi ba ya kare ido, ya nuna yadda ake huda kwali a ga siffar rana a ƙasa ba tare da an ɗaga kai ba. Ba na jin akwai malamin da zai ƙi zama a irin wannan.

Ku kuma a jarida, roƙona ku ware ɗan gurbi kowane mako: bidiyo ɗaya na kirki ku nuna wa mutane inda yake, ɗaya na ƙarya da ke yawo ku sa masani ya warware shi. Na yi magana da wasu abokan sana'ata a Zango da Sabon Gari da tasha, sun yarda duk bidiyon ilimi na Hausa da aka kawo mana za mu zuba wa mutane kyauta. Wanda ya shirya nasa ya aiko ta hannunku, ko ya shigo Dole ranar Alhamis ya tambayi masu turi.

Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Naku,
Mai shagon caji da turi,
Kasuwar Dole, Damagaram